Wayoyi Uku

Daga bakin kogi akwatin ya zo.
Bulus ne ya ɗauro shi a bayan babur,
laka a gindinsa, gidan zanzaro a kusurwa.
Ya ce, "Kwana tara ke nan bai aiko saƙo ba,
ga damina ta kankama,
mutanen Unguwar Rimi na tambayata ruwa ya kai ina."

Ba shi da allo, ba shi da madannai,
ba fuskar da zan duba in gane ciwonsa,
sai 'yan ƙusoshi a gefen faranti
da tsatsa ta fara lasa.

Na ɗauko wayoyi uku.
Baƙar ta ƙasa ce, don mu tsaya a daɓe ɗaya.
Sauran biyun sai an gicciya su,
bakinsa a kunnena, bakina a kunnensa.
Shekarar da na fara koyo a Panteka
na haɗa baki da baki, na wuni ina jiran amsa,
maigidana Ilu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Na ba shi wuta.
Sai ga tarkacen haruffa a kwamfutata
kamar kaji sun taka tawada.
Ba hauka ba ne, saurin maganarmu ne ya saɓa.
Na sauko daga dubu ɗari da sha biyar da ɗari biyu
zuwa dubu tara da ɗari shida,
sai harshensa ya warware.

Ya faɗi sunansa, ya ƙirga ƙwaƙwalwarsa,
ya je ɗauko karatunsa,
a nan ya cije.
Tsawa ta shafe masa rabin shafi.

Na tare shi tun bai gama farkawa ba,
na shiga ɗura masa sabon karatu
ta ƙofar da biyu ba sa shigarta a jere.
Ɗigo, ɗigo.
Aka ɗauke wuta, batir ya riƙe mu.
Aka kira la'asar, muna kashi saba'in.

Saura modam.
Da haruffa biyu na yi masa sallama,
da haruffa biyu ya amsa.

Wayar Bulus ta yi ƙara a aljihu.
Ya karanta: ruwa taƙi ɗaya.
Bokitin shagona ya auna.

Bulus bai tsaya ciniki ba,
ya ja roba ya ɗaure akwatin tamau,
hadari ya riga ya haɗo ta Kakuri.