Dutsen Cuku

Ramma, janye itacen nan guda,
wutar ta yi yawa.
Madara ba wake ba ce, ba a tsare ta da gayya.
Ɗumin jikin saniyar da ta bayar take so,
da ɗan ƙari kaɗan.
Tsoma ƙaramin yatsa, ki ƙirga goma.
In kin kai goma ba ki ce wash ba,
miƙo tumfafiya.

Ganye uku na ce. Biyar nake gani.
Ɗaci ba ya sallama, faɗowa yake,
kuma masu saye a kasuwar Mai'adua
harshensu ya fi sikeli gaskiya.
Dandaƙa, jiƙa, tace, zuba.
Sai ki naɗe hannu.

Kin gani? Ta fara rabuwa.
Fari na taruwa gefe guda
kamar tumakin da suka ji hadari,
ruwa ya tsaya shi kaɗai, fatsi-fatsi.
Ajiye ludayin nan!
Wanda ke haɗa kansa ba a dama shi.

Ga wuƙa. Yanka manya, kamar ƙwallon goruba.
Kika yi ƙanana kamar tsabar gero,
kowace tsaba ƙofa ce,
ruwa ya fice ya bar ki da ɓurɓushi.
Kwashe a hankali, zuba a ƙyalle,
ƙyalle a kwando, kwando bisa ƙwarya.
Saurara.
Yanzu tsiyaya yake, shaa.
Sai ya koma ɗis,
ɗis,
har ki iya amsa gaisuwa tsakanin ɗigo da ɗigo,
sannan ki ɗauko dutse.

Ba wancan ba, wannan, ɗan dutsen niƙan Inna Yalwa.
Ya fi ki shekaru, ya san aikinsa.
Da bazara, daga azahar zuwa la'asar ya isa.
Da marka, iska kanta a jiƙe take,
sai ki bar shi har kaji su hau.

Wata Asabar, shekarar da rijiyarmu ta rufta,
na ɗora shi, sai ga yaron Jatau a guje:
Karsana ta kasa haihuwa.
Muka kwana a garke da fitila da man shanu.
Ɗan maraƙi ya zo da asuba, da ransa.
Na dawo gida ina wanke hannu,
can na tuna.
Cuku takwas, Ramma, ƙamas,
ka jefi kare da ɗaya ya yi kuka.
Na kai su kasuwa ina ɓoyewa ƙarƙashin faifai.
Wani Buzu ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce wannan ne na tafiya, nawa duka?
Ya biya ba tayi.
Kada ki ce na koya miki mantuwa.
Buzu ba kullum yake zuwa ba.

Namu na zaman gida ne,
na matar da ke son ta yanka da zare
ta soya, ciki ya tsaya luɓus.
Ɗaga dutsen. Buɗe ƙyallen.
Danna da babban yatsa.
In gurbi ya zauna ya tara ruwa, da saura.
In ya ƙi yatsa, kin makara.
In ya lotsa ya biyo ki a hankali
kamar kumatun jinjiri,
shi ke nan.

Barbaɗa gishiri, ba da yawa ba,
shi ma ɓarawon ruwa ne.
Kai gindin randa, bisa jiƙaƙƙen yashi,
ki rufa da faifai, kar ki toshe,
abin yana numfashi.

Ruwan ƙwaryar nan kuwa, ina za ki da shi?
Dawo.
Da shi za mu dama kunun dare.