Kwalbar Mai

A watan da zafin Sakkwato ke narka kwalta
aka manna takardu a katangun Mabera:
mutum cikin farin kwat, hannu a sama,
wai daren Juma'a makafi za su gani,
guragu su yar da sanda.

Inna Rifkatu ta sayar da tunkiyarta,
ta bi layi tun la'asar har asuba,
ta dawo da 'yar kwalba kamar ta turare,
man da aka ce ya sha addu'ar kwana bakwai.
Ta ce, "Barnaba, ga idanunka na kawo maka."

Babana, wanda ciwon suga ya kashe wa fitila
shekara huɗu ke nan,
ya karɓa, ya shinshina, ya murmusa.
"Man gyaɗa ne, Rifkatu, mai kyau kuwa.
Tabita, ɗiga wa ƙyauren can,
tun damina yake damuna da kuka."

Inna ta fita ba sallama.
Ƙyauren dai ya yi shiru daga ranar.

Da dare na ce, "Baba, ba ka son gani ne?"
Ya ce, "Wa ke ƙin ruwa a bazara?
Na roƙa, ina roƙo, gobe ma zan roƙa.
Sai dai ba na ɗaure akuyata a jikin hayaƙi.
Ɗauko Littafin."

Bangonsa ya mutu tun ina goye,
wani baduku a tsohuwar kasuwa
ya yi masa riga da jar fata.
Gefen shafukan baƙi ƙirin da man keke,
shekara talatin na yatsan tela.
Yakan ce, "Buɗe inda takardar kuɗin wuta take,
gangara layi uku, wurin jan biro."
In fara, ya ƙarasa kafin in kai aya,
in yi tuntuɓe, ya tashe ni,
makaho na jan mai ido.

"Waɗanda suka ƙoshi da gurasa a jeji," in ji shi,
"gari na wayewa wata alamar suka nema.
Ido ba ya ƙoshi, ɗiyata,
abin da ya gani yau, gobe ya ce ƙaro.
Amma Magana in ta zauna a ƙirji
rijiyar fadama ce:
Rima ya janye, ya bar yashi,
ita tana nan,
mai albasa na jefa guga."

Ran Litinin mai farin kwat ya yi gaba,
awaki suka cinye rabin fuskarsa a bango.
An ce wata mata ta miƙe a wurin.
Na kawo wa Baba labari ina jiran ya musa.
Ya ce, "In haka ne, mun gode Allah.
Ina muka tsaya jiya?"

A asibitin koyarwa, gado na shida daga taga,
ba haske daga sama, ba murya,
fanka tsaye, an ɗauke wuta,
sauro na wa'azinsa a kunne.
Na haska shafin da fitilar waya,
ina karantawa, leɓensa na bina.
A tsakiyar aya na dakata, kamar kullum,
don ya ƙarasa.

Ni na ƙarasa.

Yanzu duk Talata da yamma
Inna Rifkatu kan turo ƙyauren nan marar kuka,
ta zauna kan tabarmar ƙanenta.
Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma tada zancen tunkiya.
Sai ta ce, "Tabita, wurin jan biron nan,
a hankali, kada ki yi gudu."

Ragowar man na nan kan taga, ban zubar ba.
Damina na tafe,
ƙyaure zai sake nema.