Kujerar Baya

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
shigowa kawai yake, ya jiƙe mana takalma,
ya zauna bakin taga yana sauraron darasi.
Ɗaki na sha huɗu, hawa na biyu.
Ni ce malama, amma kujerata tana can baya,
inda ake rataye rigunan ruwa.

Shekara goma sha tara ina cika allo,
hannuna fari fat da alli,
ina zuba hujja kamar mai ɗura ruwa a kwando.
Su kwafa, su gyaɗa kai, su ci jarrabawa,
hutu na zuwa iska ta kwashe.
Sai na ajiye allin.
Na ba su takarda guda, tambayoyi zalla,
na ce a rufe littafi har ƙarshen zango.

Yau Baltasar ne a gaba,
ɗan mai sayar da kifi a bakin kogi.
Muryarsa kan cika kasuwa, a nan kuwa ta maƙale.
Zancen lambobin nan ne masu taurin kai,
da ba mai raba su sai ɗaya, sai su kansu.
Ya ce, "Ku ninka su a jere, ku ƙara ɗaya,
abin da ya fito irinsu ne, ko yaushe."
Ya gwada biyu da uku: bakwai.
Ya sako biyar: talatin da ɗaya.
Aji ya yi na'am.

Na ga ramin. Na san zurfinsa,
ni ma na taɓa karya ƙafa a ciki.
Gyara ya taho har kan harshena,
na cije shi, na kurɓi shayin da ya huce.
Minti shida. Na ƙirga a agogon bango.
Ranar da aka miƙo mini digiri
ba wanda ya ce shiru na da nauyi haka.

Sai Rayen, wadda tun farkon zango
tarinta kawai na sani,
ta ɗaga fensir, ba hannu ba.
"Je ka har sha uku."
Ya je. Dubu talatin da talatin da ɗaya.
"Raba da hamsin da tara."
Alli ya yi ƙara, ya karye biyu.
Ɗari biyar da tara, cif, ba saura.

Kunnuwansa suka yi ja.
Ya nemi idona, na mayar da shi taga.
Ya ɗauki tsumma zai share,
wani daga gefe, Anselmo ne ina ji, ya ce, "Dakata!
Hamsin da taran nan ai ba ta cikin jerinka."
Tsumma ya tsaya a iska.
Baltasar ya dubi allo kamar masunci
da ya zaci komarsa ta yage,
ashe kifi ne ya yi mata yawa.
A hankali ya ce, "To, ko ta rabu,
baƙuwa ce ta raba ta.
Ke nan jerin ba shi da ƙarshe."

Ban tafa ba. Na ce, "Wa bai gamsu ba?"
Hannu biyu suka tashi. Madalla.
Ran Alhamis su ne a gaba.

Da suka watse na tsinci guntun allin,
na jefa a aljihu.
Hujjar nan ta girmi garin, ta girmi sunan kogin,
amma yau, sha ɗaya da kwata, aka haife ta,
ina daga baya,
hannuna tsaf, ko ƙurar alli babu.