Kofi Huɗu Cikin Ɗaya

A bayan kasuwar Garwa, ƙarƙashin darbejiya,
Baba Sajo na da wata mota da ta girme shi,
baƙa, mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe.
Wani Bature mai sayen gyaɗa ya bar ta bakin Binuwai,
ya hau jirgin ruwa, bai waiwayo ba.

Ina ɗan shekara sha huɗu ya nuna mini cikinta.
Ya kwance fulogi, ya sauke fistan har ƙasa,
ya ce in wanko kofin shayi.
Muka ɗura man gyaɗa ta ramin:
ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya tumbatsa.
Ya tsiyaye, ya murɗa, fistan ya hau maƙura,
muka sake ɗurawa.
Kofi ɗaya tak.

Ya ce, ka gani?
Huɗu take shaƙa, ta dunƙule su ɗaya,
sannan wuta ta yi magana.
Shi ya sa hannuna ke tayar da ita da ƙarfen murɗawa,
shi ya sa take lashe fetur mai kananzir ba ta tari,
shi ya sa kuma jaki mai kaya
yake raina ta a hawan tudu.

Ni jakin ne ya ƙona mini rai.

Da Baba ya tafi biki Marwa, kwana tara,
na cire kan injin, na shimfiɗa sanfefa bisa gilashi,
na yi ta gurza kamar mai niƙan barkono
har fatar yatsuna ta saɓule.
Na auna: shida cikin ɗaya.
Da na murɗa ta, ta hauri gwiwar hannuna,
ta tashi da wata murya da ban san tana da ita ba.

Hanyar Pitowa!
Na wuce amalanke, na wuce mai keke,
iska ta ɗauke mini hula ban tsaya ba.
Sai ga wata ƙara daga ciki,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar tsakuwa a gwangwani,
man yana kamawa tun ba a kira shi ba.
Lagireto ya tafasa. Ta yi ajiyar zuciya ɗaya.
Shanu biyu suka ja mu gida, yara na tafi.

Baba bai ɗaga murya ba.
Ya zaro fistan, ya ɗaga shi saitin rana,
ya leƙe ni ta hujin da ke tsakiyarsa.
Ya ce, lissafinka daidai ne, Hamajoɗa,
man zamaninta ne bai kai shida ba.

Yau motocin da nake gyarawa goma suke matsewa,
ba ƙwas, ba tari.
Fistan ɗin na nan kan tebur,
a cikinsa nake tara ƙananan notina.
Wasu kan zube ta hujin.