Idon da Ke Ganin Ɗumi

Baba ya ce yanyawa ce.
Kwana tara yana rantsuwa a kan yakuwarsa,
kunya huɗu a bayan gidanmu na Coventry,
irin da Inna ta ƙullo a bakin gyale
shekarar da ta zo, ta ɗanɗana sanyi, ta ce a kai kasuwa.
Kullum safiya ganye ya zama rariya.

Na ce, bari in kama maka ɓarawon.

Fam uku na biya, ya iso a ambulan:
ɗan allo kore, bai kai kwalin ashana ba,
da farar hula kamar rabin ƙwai
mai zanen saƙar zuma.
Ƙafa uku gare shi.
Jar waya ta wuta, baƙa ta ƙasa,
rawaya kuwa 'yar tsegumi ce,
ita ke kai wa 'yar ƙwaƙwalwar rahoto
in wani abu mai ɗumi ya gifta.

Daren farko na sauya wa ja da baƙa gurbi.
Ƙaurin roba ya cika ɗaki.
Na sake biyan fam uku, ban gaya wa kowa ba.

Na biyun na yi masa ladabi.
Na narka dalma a hankali, na busa,
na ba shi minti guda ya saba da duniya
kamar baƙon da ya sauko daga jirgi.
Na ɗora shi a taga, ashe gilashi makanta ne a wurinsa.
Na sa shi a robar man shanu, na rataye a danga,
sai ya dinga ihu a kan tururin bututun maƙwabta.
Na murɗa ɗan kusan nisa, na murɗa na jinkiri,
kaɗan, kaɗan, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Sannan ya fara faɗin gaskiya.
Litinin, uku da minti arba'in.
Talata, uku da arba'in da biyu.
Laraba ma haka.
Wace yanyawa ce take ɗaura agogo?

Alhamis na ƙi barci.
Na zauna a duhun kicin da bargo,
ɗan jan ƙwan ya kama,
na leƙa.

Baba ne.
Da rigar aikin bas a jikinsa, bai ko cire takalmi ba.
Ya kifa bokiti ya zauna,
ya tsinki ganye ɗaya yana murzawa a hanci,
waya a kunne,
yana tambayar Kawu Barau ko an yi ruwa a Malumfashi,
ko gwiwar Inna ta saki,
ko har yanzu tsamiyar ƙofar gida tana 'ya'ya.
Muryar da ban san yana da ita ba,
ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri.

Da ya shige na fita da tocila.
Ga su nan a bayan ganye,
dodon-koɗi, goma sha ɗaya na ƙirga,
suna ci ba gaggawa, ba kunya.
Jikinsu sanyi ƙalau, ɗaya da daren.
Idona na fam uku bai taɓa ganinsu ba.
Shi mai ɗumi kawai ya sani,
mai ɗumin da ya kasa zama wuri ɗaya.

Na barbaɗa ɓawon ƙwai a gindin kunya.
Na goge layin da ke rubuta lokaci,
na mai da rawayar waya kan 'yar fitila
daidai saman bokitin.

Bai ce komai ba ranar Juma'a.
Asabar, yana kurɓar shayi, idonsa a jarida,
ya ce, Kubura,
yanyawar nan taki har lantarki aka ja mata?

Na ce, ai ta daɗe tana zama a duhu.

Ya juya shafi.
Ya ce, ƙara mata minti biyar,
tana mutuwa kafin a gama gaisawa.