Rawayar Waya

Shekara tara akori-kurar Baba na kwance
a rumfar kwano ta bayan gidanmu a Aliero.
Taya uku sun sace, ta huɗu turmi ya maye gurbinta.
Zanzaro ya kafa gari a bakin salansa,
kaza ta ƙyanƙyashe sau huɗu a kujerar direba.
Ranar da na buɗe ƙofa, warin albasa ya tarbe ni
kamar jiya aka sauke lodin Jega.

Ɓeraye sun riga ni fara aiki.
Sun tuɓe wa kowace waya rigarta, sun bar tagulla tsirara.
Na zauna tsifa, irin ta kitson da ya kwana wata uku,
Nomau ɗan ƙanwata na riƙe da tocila,
yana haska mini ƙeya maimakon hannu.

Baba bai bar mana rubutu ba, ko na bashi.
A ƙarƙashin sitiyari na fara karanta shi.
Waya ta taso ja daga batir,
kafin ta kai fis ta koma kore,
ta ɓuya bayan rediyo, ta fito baƙa wuluk.
Inda tef ya ƙare masa, ya naɗe da ledar burodi.
Inda fis ya ƙone, ya cusa takardar kwalin taba,
mutumin da ko hayaƙinta ba ya so.
Wa ya roƙa a daren nan? A wace hanya, Kamba ko Koko?

Ni mai takardar lantarki daga Birnin Kebbi
na girgiza kai, na ce Allah ya jiƙan Arzika,
amma wannan ɗinkin ɓarawo ne.
Na sa filaya. Na yanke, na yanke, na cika daro.
Sati biyu ina ja, ina ɗaurewa, ina gasa dalma,
kowane launi na aike shi gidan ubansa.
Na wanke kafireta da fetur a kwanon tuwo,
Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Guda ɗaya ta gagare ni.
Rawaya, siririya, ta bar kwayil ta nutse ƙarƙashin tabarmar ƙafa,
ban ga inda ta je ba, ba ta cikin zanen da na yi.
Na ɗora mata filaya sau biyu, na fasa.

Ranar Laraba na murɗa makulli.
Inji ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru.
Filogi sabo, batir na aro daga Maidamma mai injin niƙa,
mai na zuwa, wuta ba ta zuwa.
Har la'asar ta wuce ina zagin kwayil da ba shi da laifi.

Sai ga Inna da buta a hannu.
Ta ce, "Kauce, ɗiyan boko."
Ta durƙusa da gwiwar nan da ke hana ta barci,
ta tura hannu ƙarƙashin kujera, ba ta ko duba ba.
Ƙyas.
Makunnin fitilar ɗaki ne, na sule biyar.
"Ɓarayi sun tura ta har bakin kasuwa, shekarar da aka haife ka,
ta ƙi su. Ni kaɗai ya gaya wa."

Na murɗa.
Rumfa ta ɗauki rawa, zanzaro suka watse,
baƙin hayaƙi ya kori awaki har zaure,
Nomau ya saki tocila cikin baƙin mai.

Inna ba ta yi guɗa ba.
Ta dafa bonet da tafin hannu, ta daɗe,
kamar mai jin zazzaɓin yaro ko ya sauka.
Sannan ta ɗauki butarta.

Na bar rawayar inda take.
Ledar burodin ma, guda ɗaya, na mayar.