Abin da Hunturu Ya Bari a Mota

Asabar ta farko da rana ta yi ƙarfi a Suwalki,
dusar ƙanƙara ta koma taɓo a bakin titi,
shamuwa ta dawo sheƙarta a kan turken lantarki.
Na buɗe ƙofofin Skoda huɗu, har da but,
ta tsaya a tsakar gida
kamar kaza mai shanya fukafukai.

Lucjan ya ce rabin awa ya isa.
Lucjan bai taɓa leƙa ƙarƙashin kujera ba.

Na fara da shimfiɗun ƙafa.
Gishirin da ake watsa wa hanya ya bushe a kansu,
fari fat, kamar taswirar ƙasar da ba kowa.
Na maka su a jikin katanga, tim, tim,
tsakuwar wata biyar ta zube,
karen maƙwabta ya amsa mini.

Kujerar baya kuwa daular yara ce.
Ga safar hannu guda, ja, ta Bronka,
wadda aka sha kuka a kanta kafin Kirsimeti.
Ɓawon lemo ya ƙandare kamar fatar ganga.
Alawa ta narke ta rungume sulalla uku,
ta ƙi saki.
Ga takardar makaranta da ke jiran sa hannuna
tun tara ga Disamba.
Ignacy, zo nan.
Ya zo, ya duba, ya ce iska ce ta kai ta can.

Kwali uku na jera:
na shara, na cikin gida, na abin da zai zauna.
Abin kankare gilashi ya tafi hutu,
shi da ƙaramin shebur da bargon ko-ta-kwana.
Na goge sitiyari, na bi lungu da tsohon buroshin haƙori,
ina ta waƙa a ciki, aiki na tafiya,
har na buɗe aljihun gaba.

Tikitin ajiye mota na asibitin Bialystok.
Sha bakwai. Na ƙirga sau biyu.
Kowace Talata mu fita da duhu, mu dawo da duhu,
Baba ya karɓa daga hannuna, ya ninke biyu,
ya ce, ajiye, ba a san ranar da za a tambaya ba.
Ba wanda ya tambaya.
Na ƙarshen bai ninku ba.
Ni na saka shi.

Kujerarsa tana nan yadda ya bar ta,
an tura ta baya saboda dogayen ƙafafunsa.
Injin zuƙe ƙura yana gurnani a hannuna,
na kashe shi.
Na dubi kwalayena uku,
ba wanda ya san wannan kaya.

Mama! Akwai abu mai rai a nan!

Bronka ce, kanta a ƙarƙashin kujerar,
ta jawo albasa.
Ta yamutse, ta yi laushi kamar kumatun tsohuwa,
amma ta fid da tsiro kore, tsawon yatsa,
ya karkace yana neman inda haske yake.
Duk sanyin nan, duk duhun nan,
tana ƙasan Baba tana shirinta.

Lucjan ya taso daga wankin taya, hannu duk kumfa:
Ban ce miki shida na sayo ba?
Tun Nuwamba kike cewa biyar!
Na ce to, ka ci shari'a.
Dariya ta zo mini ta hanyar da hawaye suka share.

Bronka ta binne ta a tukunyar fure, gefen matakala.
Tikitin na ɗaure da roba, na mayar inda suke.
Kujerar ban taɓa ta ba tukuna.
Ignacy ya shige ya zauna, ya miƙe ƙafa,
saura kaɗan ya cike wurin.

Awa uku, in ji agogon Lucjan.
Muna rufe ƙofa ta ƙarshe
wani tsuntsu ya wuce,
ya sa hannu a gilashin gaba.